Kira Uku a Kan Dutsen Rufau

Takalmansa ne suka dawo gida su kaɗai, babu ƙafa a ciki.

Ina tsakar gida da hantsi ina shanya kalwa, don ni sana'ata daddawa ce, sai na ji taku a zaure, fat, fat, fat. Na san takun, shekara talatin da biyu ina jin sa. Ko ɗaga kai ban yi ba na ci gaba da aikina. Sai ihun matarsa Ladidi na ji, ta saki ƙwaryar da ke hannunta ta tarwatse. Na ɗago. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Takalma ne na fata guda biyu suna tafe, wannan ya ɗaga wannan ya sauka, suka ratsa tsakar gida, suka zo gabana suka tsaya.

Ku matso, 'yan nan, ku daina zare mini ido. Ni Tabawa ba zan zauna da furfurata in shara muku ƙarya ba.

Mai takalman ɗana ne na fari. Kun dai san yadda muke: mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na tashi na gani, ni kuwa na fi kowa riƙon abin. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Sana'arsa ɗiban zuma, kuma ranar kwanansa uku ke nan da tafiya Dutsen Rufau, wannan baƙin dutse da ke bayan garinmu, wanda yake tsagewa sau ɗaya duk bayan shekara bakwai. Ashe shekarar ta zagayo, mu duka mun sha'afa.

Takalman suka juya suka nufi zaure, suka tsaya kamar masu jira. Mazan unguwa suka taru, kowa na ba da shawara, ba wanda ya ɗaga ƙafa. Ladidi tsohon ciki gare ta, ko tsugunno da ƙyar take yi. Ubansa kuwa ya daɗe da rasuwa. Na ɗaure zanena da kyau, na yafa gyale, na ce wa takalman, “Mu je.”

Suka yi gaba ina bin su, har gindin dutsen. Nan suka kife, suka zama takalma kamar na kowa. Ga dutse ya rabe gida biyu tun daga sama har ƙasa, iska mai sanyi tana fitowa ta tsagar, a bakinta kuma wani irin halitta yana zaune. A zaune yake, amma sai da na ɗaga kai har gyalena ya zame kafin in ga fuskarsa. Gemunsa ɗanyar ciyawa ce, tsuntsaye na shiga suna fita a ciki. Na durƙusa na yi sallama.

Ya ce, “Aminci ya tabbata ga mai zuwa da sallama. Ya ke 'yar Adam, ni ne Ƙangi, mai tsaron wannan ƙofa tun kafin a haƙa rijiyar garinku. Me kike nema a ƙasar da ba taku ba?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, wani ne na gidanmu ya shigo ɗiban zuma, bai koma ba.”

“Ya shigo. Ya yanki saƙar zumar Magajiya, uwar wannan dutse, an kuwa riƙe shi. Yau saura kwana arba'in a yi Bikin Juyi a ƙololuwa. Wanda nasa suka zo suka karɓe shi ranar, ya koma gida. Wanda aka tashi biki ba a karɓe shi ba, ya zama namu har abada. Mene ne sunansa?”

Na sunkuyar da kai, na kama wasa da bakin gyale.

“To, mene ne shi a gare ki?”

Wallahi ban yi tunani ba, bakina ne ya yi abin da ya saba yi a kasuwa da gidan biki. Na ce, “Ɗan mai gidana ne.”

Ƙangi ya girgiza kai, tsuntsaye suka tashi daga gemunsa. Ya nuna mini hanya biyu a bayansa. Ta dama shimfiɗaɗɗiya ce, da matakala sumul har sama. Ya ce, “Wannan hanyar uwa ce. Mahaifiya kaɗai ke bin ta, kafin azahar tana ƙololuwa.” Ina kallo dutse ya matso ya haɗe a kanta, ƙirif, kamar ba a taɓa yin hanya a wurin ba.

Na miƙe zumbur. “Ranka ya daɗe, tsaya! Ai ni ce... ai ni na...” Kun ji, ko a lokacin ban iya ƙarasawa ba.

Ya ce, “A ƙasarmu magana ɗaya ake yi. Ga hanyar baƙi nan ta hagu. Ƙauye uku ne a kanta. Duk wanda kika iske suna biki, ba ki wucewa sai an tashi. Ki ci abin da suka ci, ki yi aikin da suke yi. Kuma kada ki yi sauri, hanyar ba ta son gaggawa.”

Wa zai ce wa mai neman ɗa kada ta yi sauri? Ina shiga na tattare zane na zuba a guje. Na yi gudu har numfashina na fita da ƙyar, na sha wata kwana, sai ga ni a gaban Ƙangi. Na sake kwasa, na sake ganin gemun nan. Sau uku ina yi, yini guda ya tafi a banza. Ƙangi kuwa sai kallona yake yi. Na ji kamar in kwanta in yi ta birgima don takaici. Washegari na taka a hankali kamar mai ɗauke da tulu a ka, sai hanya ta buɗe.

Kwana uku ina hawa. Hanyar siririya ce, dama dutse, hagu rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Na lura in na tsaya na dubi wani abu, fure ko ƙorama, sai in ga na ci tafiya mai yawa ban sani ba. In kuwa na sa ido a sama ina ƙirga kwana, sai in yini a kan dutse ɗaya. Dole na koyi kallon ƙasar mutane, ni da ko kasuwar garinmu ba na tsayawa kallo.

Ƙauyen farko sunansa Rataye. Gidajensu a manne suke a jikin bangon dutse kamar gidan zanzaro, mutanen kuma gajeru ne masu faɗin tafin ƙafa, suna tafiya a jikin bango yadda kuke tafiya a ƙasa. Wata tsohuwa mai suna Iya Dungu ta sauko da kai ƙasa ta tarye ni. Mu Hausawa muna taƙama da gaisuwa, to a nan na ga iyayen gidanmu. Ta gaishe ni, ta gaida ƙafata ta dama, ta gaida ta hagu, ta tambayi lafiyar haƙorana ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka zube. Tun hantsi sai da rana ta take muka gama.

Ta ce, “Kin zo a sa'a, baƙuwa. Yau muke fara Wankin Inuwa, kwana tara ne.”

Kwana tara! Amma ya na iya?

Aka sauka rafi da kiɗan ƙwarya da guɗa. Ina tsaye baki buɗe na ga kowa ya sunkuya ya kama inuwarsa ta wajen diddige, ya saɓule ta kamar riga, ya tsoma a ruwa yana cuɗawa. Ruwan ya yi baƙi ƙirin. Suka shanya inuwoyi a kan duwatsu, suka ɗora musu tsakuwa kada iska ta kwashe. Iya Dungu ta kama tawa ta ja, na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙafa har ƙeya. Ta ɗaga ta, sai ta yi nishi.

“Kai, wannan inuwa da nauyi take! Ku zo ku taya ni.”

Mata huɗu suka kama aka shimfiɗa ta. Kiɗa ya tsaya cak. Na leƙa. Inuwata ce sak, da ɗan kwalina da komai, amma da goyo a bayanta. Jariri ne ɗaure da majanyi, ta kuma juyo da hannu ta tallafe shi. Ni kuwa tun da aka yaye shi aka kai shi wajen kakarsa, ban sake ɗora shi a bayana ba.

Iya Dungu ta ce, “Ya ke baƙuwa, shekara nawa inuwarki na ɗauke da wannan goyo ba ta sauke ba? Ɗan wane ne?”

Na kawar da kai na ce, “Ni ma yau na fara gani.”

Ba wadda ta yi dariya. Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Kwana tara ina wanke inuwar nan da safe, in shanya, in zauna kusa da ita ina gadi, ina cin dafaffen gwaza da suke ci. Ranar da aka tashi biki na mayar da ita jikina, na kama hanya, saura kwana ashirin da bakwai.

Na haye wata ƙorama wadda ruwanta ke gudu daga ƙasa zuwa sama. Na ratsa wani kurmi inda birai suka jeru a bakin hanya, kowanne sai ya miƙo hannu mun gaisa. Gajimare ya fara zama a ƙasa da ni. A kwana na huɗu na iso ƙauye na biyu, Tudun Haɗiya.

Tsohon gari ne ƙwarai, ganuwarsa ta dutse duk gansakuka. Sun sassaƙe jikin dutsen hawa-hawa sun yi gonaki, ko'ina hatsi ya nuna, wani irin hatsi fari mai sheƙi da ban taɓa gani ba. Mutanen dogaye ne, bakinsu ɗan tsito, kunnuwansu kuwa har kafaɗa. Sarkin nomansu ya fito da lauje a hannu.

Ya ce, “Maraba da mai gona. Mun daɗe muna jiran ki.”

Na ce, “Wace gona, ranka ya daɗe? Ni ko taƙi ɗaya ba ni da shi a nan.”

“Ya ke 'yar Adam, ki sani duk maganar da ɗayanku ya ɗauko zai faɗa ya haɗiye, nan take faɗowa ta tsira. Mu ne manomanta. Duk shekara bakwai muke bikin girbi, yau kuma za a sa lauje. Biyo ni.”

Muka wuce ƙananan gonaki, yana nuna mini: wannan ta wani bara ce da ya so ya zagi ubangidansa, wannan ta wata amarya ce. Sai muka sha kwana. La'ilaha illallahu! Gona ce tun daga inda muke tsaye har inda ido ya gaza, hawa goma sha biyu, zangarniya ta yi nauyi har tana taɓa ƙasa.

Ya ce, “Taki ce. Kuma duk iri ɗaya ne, kalma ɗaya tak. Tun da nake noma ban ga gonar da ta kai ta ba.”

Iska ta kaɗa, zangarniya ta motsa, sai na ji muryata. Muryata ce, jama'a, daga kowane kara, tana kiran sunan nan. Wata a hankali, irin ta ranar da ya yi ƙyanda na tsaya a bayan ƙofa na kasa shiga. Wata da dariya, ta ranar da ya fara tafiya na yi kamar ban gani ba. Wata da kuka, ta ranar da ƙudan zuma suka kusa kashe shi, na aika ƙanwata ta zauna da shi ni ina waje ina daka. Duk ƙauyen suna tsaye da manyan kunnuwansu suna saurare. Na toshe kunne na durƙushe, na ce ƙasa ta tsage in shige. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sarkin noma ya miƙo mini lauje. “Mai gona ke girbe gonarta. Ki yanke, ki sussuke, ki daka, ki tuƙa, ki ci. In ba ki ci ba, harshenki ba zai iya ɗaukar kalmar ba ranar da za ki buƙace ta.”

Kwana goma sha biyar na yi. Suna kiɗa suna waƙar girbi a gonakin wasu, ni ina yanka ina hawaye. In na zuba a turmi, kowane bugun taɓarya sai sunan ya fito. Hannuna ya yi kanta, bayana ya ƙage. Ranar ƙarshe matansu suka taya ni tuƙi, duk gonar nan ta koma malmala ɗaya. Na kai loma, wallahi ɗaci kamar maɗaci, ta biyu kuwa zaƙi har ya hau mini kai. Na cinye tas, na sha ruwa, na yi musu sallama. Saura kwana takwas.

Daga nan sanyi ya tsananta, ciyawa ta ƙare, sai tsurar dutse. Kwana uku na iso ƙauye na uku, Jirau. Na shirya ganin wasu halittun, sai na ga mutane. Mutane kamar ni da ku, maza da mata, yawancinsu tsofaffi, cikin bukkokin dutse, duk ƙofofinsu na kallon ƙololuwa. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Wani dattijo mai suna Barau ya kawo mini kunu. Na ce, “Malam, ku kuma me ya zaunar da ku a nan?”

Ya ce, “Abin da ya kawo ki shi ya kawo mu, baiwar Allah. A sama za ki iske waɗanda aka riƙe a zaune, sun ba da baya. Kira uku ake ba mutum. In naki ya juyo, ki tafi da shi. In bai juyo ba, shi ke nan. Mu nan duk mun yi kiranmu uku. Ba wanda ya hana mu komawa gida, ƙafa ce ta ƙi.”

“Kai wa ka zo nema?”

“Matata. Yau shekara ashirin da ɗaya. Na kira ta da duk wata kalma mai daɗi da ban taɓa faɗa mata a gida ba, ko motsi ba ta yi ba. Har yau ban san laifin da na yi ba.”

Bikinsu kwana huɗu ne, babu kiɗa babu rawa. Da hantsi sai su jeru a bakin kwazazzabo, kowa ya yi ta ƙwala kiran nasa har muryarsa ta dishe, sannan a zauna a sha kunu. Suka ce baƙo ma sai ya yi. Ni dai bayan wani dutse nake laɓewa in faɗi sunan a hankali. Ya fito kuwa, karon farko a rayuwata. Na ji shi a bakina wani banbaraƙwai, na waiga ko wani ya ji.

Ranar arba'in da sassafe Barau ya raka ni bakin kwazazzabon. Tsakaninmu da ƙololuwa rami ne, babu gada, sai gajimare na yawo a ƙasa. A can tsallake wani aljani mai hannu huɗu yana zaune da ƙaton tambari.

Barau ya ce, “In ya buga, dutse ɗaya zai fito a sarari, ki taka. Kada ki ɗaga ƙafa sai ya sake bugawa. Taku bakwai ne.”

Dum! Wani faifan dutse ya bayyana, bai fi murfin tukunya ba. Na yi bismillah na taka. Na jira. Na jira. Wallahi tsakanin bugu da bugu sai a dafa wake ya nuna. Ina tsaye a sarari, iska na jan zanena, ƙasa ba ƙasa, rana kuwa tana ta tafiya abinta. Wata mata da ke bayana a kan taku na uku ta kasa haƙuri, ta ɗaga ƙafa kafin bugu. Ko ihunta ban ji ƙarshensa ba. Na runtse ido ina salati, gumi na zuba duk da sanyin nan. Sai da la'asar ta yi na taka tsallake.

Ƙololuwar fili ce shimfiɗe, cike da halittun da bakina ba zai iya kwatantawa ba, masu ƙaho, masu fiffike, masu kai biyu suna gardama da juna. Ana busa, ana kiɗa, ana rawa a sama da ƙasa. A tsakiya Magajiya na zaune. Rabin jikinta dutse ne, gashinta ƙudan zuma ne suna tashi suna sauka. A gabanta mutane sun fi ɗari a jere, kowa ya ba da baya, ba mai motsi. Ban nema ba. Ƙeyarsa na hanga tun daga nesa, a layi na uku, kafaɗarsa ta dama ta ɗan karkace kamar ta ubansa.

Magajiya ta ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. “Ya ke 'yar Adam da ta biyo hanyar baƙi, ke ce ta ƙarshe, rana kuma ta sunkuya. Mene ne wanda kike nema a gare ki?”

Na ɗaga kai na dube ta. Na ce, “Ɗana ne. Ni na haife shi.”

“Kira uku gare ki. Duk abin da ya fito daga bakinki kira ne. Bismillah.”

To, tunda na faɗa a gaban aljanu, yau kaɗai zan faɗa a gabanku, kada wadda ta maimaita mini. Na tattaro duk abin da na ci a gonar nan, na tausasa murya yadda nake yi a zuciyata, na ce, “Haladu.”

Bai motsa ba.

Na ce ƙila bai ji ba. Na cika ƙirji da iska, na ɗaga murya har duwatsu suka amsa, hawaye na zuba, na ce, “Haladu! Haladu ɗana, ɗan farina, zo mu tafi gida!”

Na ga kafaɗarsa ta ɗan girgiza. Na ce alhamdulillahi. Sai ta koma ta tsaya. Ko gezau.

Magajiya ta ce, “Biyu.”

Duniya ta juya mini. Na hango Jirau a can ƙasa, na ga har bukkar da zan zauna a ciki. Na tuna Ladidi da cikinta. Kwana arba'in, jama'a! Na wanke inuwa, na girbe gona hawa goma sha biyu, na yini a kan murfin tukunya a sararin Allah, na tsaya gaban aljanu na zubar da kunyar shekara talatin da biyu, shi kuma yana zaune ya ba ni ƙeya? Ban san lokacin da tsoro ya tafi zuciya ta hau ba. Na manta da Magajiya, na manta da ƙirga. Na riƙe ƙugu na daka masa tsawa.

“Kai! Don gidanku, ina magana kana ba ni ƙeya? Tashi ka wuce mu tafi, shashasha kawai!”

Zumbur ya miƙe. Ya juyo a firgice, ya zube a kan gwiwa, ya sunkuyar da kai. “Na'am, Inna! Yi haƙuri, Inna, wallahi ban san kin zo ba.”

Wuri ya ɗauki sowa, tambura suka tashi. Magajiya ta yi dariya har ƙudan zuman kanta suka watse. Ta ce, “Ɗauki abinki, 'yar Adam. Kunne ba ya juyowa sai ga muryar da ya sani. Ku bi hanyar uwa, an buɗe miki.”

Ni ban yi dariya ba. Na tsaya ina kallon sa a durƙushe, ƙaton mutum da gemunsa, yana jiran in ƙara masa wani faɗan.

Muka kama matakala, yana gaba ina baya. Mun yi nisa, har mun fara hango hayaƙin garinmu, sai ya rage tafiya. Bai waigo ba, ya ce, “Inna.”

Na ce, “Mene ne kuma?”

“Kafin ki yi magana, na ji wata mata ta kira sunana har sau biyu. Tun da nake ban taɓa jin an kira shi haka ba. Sai da na ji kamar in yi kuka. Na so in juya, sai na ce a raina, ni wa gare ni da za ta kira ni haka? Ƙila wani mai sunana ake nema. Allah Ya sa dai ta samu ɗanta. Kin gan ta kuwa, Inna?”

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, maganar ta zo har kan harshena.

Na ce, “Ina na sani? Mutane ne cike da wurin. Kalli gabanka kada ka faɗi.”

Ya ce, “To, Inna.” Ya ci gaba da sauka. Na bar shi ya ba ni rata sosai, na cusa gyale a baki don kada ya ji.

Yanzu 'ya'yansa biyar, furfura ta fara fito masa. Duk shekara in ya yanko zumar fari sai ya ware wata ya yi sadaka, wai Allah Ya kai ladan ga matar nan ta kan dutse da ɗanta. Ni yake kawo wa in raba. Har yau bai sani ba, kuma duk wadda ta kai masa wannan labari a cikinku, ban yafe ba.